Mu Gyara Gidajenmu Tun Bazara, Kafin Hadari Ya Taso

Jama'ar Dakwaro da kewaye, manoma da makiyaya, maza da mata, ga bazara ta shigo. Zafi ya kai inda ya kai, iska ta juya, kuma duk wanda ya ɗaga kai da yamma zai fara ganin gajimare yana taruwa ta gabas. A wannan lokaci hankalin kowa yana kan gona: sassabe, kai taki, neman iri, gyaran hauya da kalme. Wannan daidai ne, ba mu da ja a kansa. Amma akwai wani aiki da muke ɗagawa kullum zuwa gobe, har ranar da ruwa zai same mu a kwance cikin ɗaki, shi ne gyaran gidan da muke kwana a ciki. Ra'ayinmu shi ne, yaɓen bango da sharar tsakar gida da buɗe hanyar ruwa aiki ne na kiwon lafiya, daidai da kai yaro rigakafi, kuma watannin Afirilu da Mayu ne lokacinsa. Wanda ya iya karatu, muna roƙonsa ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi.

Ba mu manta daminar 2024 ba. A shekarar nan ruwa ya kashe mutum fiye da 300 a ƙasar Nijar, ya shafi sama da mutum miliyan 1, kuma jihar Maraɗi ce ta fi kowace jiha yawan mamata. A ƙarshen watan Agusta ruwan dare ɗaya ya hallaka aƙalla mutum 15 a birnin Maraɗi. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe. Har komawa makaranta sai da gwamnati ta ɗage zuwa ƙarshen Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun faɗi, wasu kuma waɗanda suka rasa muhalli ne ke zaune a ciki. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka rasu ba kogi ne ya tafi da su ba. Ɗakinsu ne ya rufta musu.

Wani zai ce, ai Dakwaro ba Maraɗi ba ce, mu nan kukanmu ƙarancin ruwa ne. Gaskiya ne ruwan da muke samu a shekara bai taka kara ya karya ba in an gwada da na kudu, kuma mun fi sanin fari da ƙamfar abinci irin ta 2005 fiye da ambaliya. Sai dai bango ba ya ƙidaya ruwan shekara. Abin da ke kayar da shi ruwan sa'a biyu ne mai ƙarfi, ko kuma yayyafin kwana uku a jere cikin Agusta wanda ke jiƙa ƙasa har cikinta. Irin wannan ruwa yana sauka a Kornaka da Sabon Mashi da Birnin Lalle kamar yadda yake sauka ko'ina. Hasali ma ƙarancin ruwan ne ke yaudararmu, domin shekara biyu ko uku kan wuce ba a ga abin tsoro ba, sai a saki jiki a daina yaɓe.

Mu fara da inda ɓarna ke farawa. Idan mutum ya zaga bayan ɗakinsa ya durƙusa, ya duba gindin bango kamar kamu biyu daga ƙasa, zai ga wurin ya zaizaye ya shige ciki. Ruwan da ke faɗowa daga rufi ne ke fantsama yana cin wurin, fitsarin dabbobi da ruwan wanke-wanke suna ƙara masa gishiri, awaki kuma suna goga jiki suna lasa. Bangon da gindinsa ya sirance yana ɗauke da nauyin soro duka a kan ƙafa ɗaya. Mun ga magidanta da yawa suna kashe kuɗi wajen gyara fuskar gida da ƙofar zaure don idon mutane, alhali bayan ɗakin da yara ke kwana ya rarake. A can ya kamata a fara. A cike wurin da laka mai kyau, kaɗan-kaɗan, ana bari kowane shafi ya sha iska kafin a ƙara wani, sannan a yi ɗan dakali mai gangare a jikin bangon yadda ruwa zai zame ya yi nesa da shi. Turken akuya kuma a matsar da shi.

Laka ma iri-iri ce. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ya fi yawa, don haka sai an je ƙwari ko bakin tabki ake samun mai danƙo. Tsofaffin magina ba su kwaɓa laka da safe su yaɓa da hantsi. Sukan zuba mata ƙaiƙayin hatsi ko yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, su tattake, su rufe ta kwana da kwanaki tana ruɓa, sannan su taɓa bango da ita. Ciyawar ce ke hana ta tsagewa in ta bushe. Kafin a yaɓa kuma a kankare tsohon yaɓen da ya ɗago, a yayyafa wa bangon ruwa domin sabon ya kama. Tsaga kuwa, komai ƙanƙantarta, a buɗe ta a cusa mata laka har ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kunama da maciji da ruwan sama duk ta ƙofar nan suke bi.

A nan muna da magana da masu ɗan hali, waɗanda ke shafa siminti a kan bangon ƙasa suna ganin sun huta har abada. Siminti da ƙasa ba su riƙe juna da kyau. Bayan ƴan shekaru simintin yakan ɗago ya bar rata, ruwa ya shiga ta sama ya rasa mafita, ya zauna yana cin bangon a ɓoye. Daga waje gida tsaf, daga ciki ya zama taɓo. Wanda ya riga ya yi, ya riƙa ƙwanƙwasa bangon da hannu. Inda ya ji yana amsawa kamar ganga, wurin ya rabu, gara ya fasa ya gyara tun yanzu.

Sai rufi, wanda shi ne ya fi ba mu tsoro. Al'adarmu ita ce duk shekarar da ɗaki ya yi yoyo sai a hau a ƙara ƙasa. Bana a ƙara, baɗi a ƙara, ba wanda ke rage tsohuwa. Ƙasar nan in ta sha ruwa nauyinta yakan ƙaru sosai, itacen da ke ɗauke da ita kuwa kullum tsufa yake yi, gara tana cin cikinsa. Ranar da ya gaji ba ya sallama. Saboda haka kafin a hau sama a fara shiga ciki da rana, a ɗauki wuƙa ko ƙusa a soki kowace azara, musamman kanta da ya shige cikin bango, domin can gara ta fi ɓuya. Wadda ƙarfe ya nutse a cikinta, ko wadda ta lanƙwasa a tsaka, a canza ta, in babu hali a kafa mata gwafa mai ƙarfi a tokare. A sama kuma a kwashe tsohuwar ƙasar da ta mutu, a duba ledar da aka shimfiɗa ko ta yayyage, a sake daɓe da gangare zuwa bakin indararo. Indararon da ya toshe da sheƙar tsuntsu ko ya karye ya fi rashinsa muni, domin yakan mayar da soro tabki, ko ya riƙa tsiyayar da ruwa a jikin bango. A sa mai tsawo, inda yake zuba kuma a jera duwatsu ko fasassun tubala don kada ya haƙa rami.

Masu rufin kwano su ma ba su tsira ba. Iskar da ke zuwa gaban ruwan fari takan yaye kwano ta yi jifa da shi, kuma kwanon da ke tashi a iska wuƙa ne. Ɗora duwatsu da tsofaffin tayu a kai dabara ce ta wucin gadi. A bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure katako da waya a jikin gini. Mai ɗakin jinka kuma ya san aikinsa: sabon shuci, sabuwar igiya, a ɗaure tun iska ba ta fara ba. Kada a manta da rumbu. Hatsin da ya rage a cikinsa shi ne zai riƙe gida har kaka, iri ma can yake. Rumbun da ya sha ruwa a Yuli yunwa ce a Agusta, lokacin da ake tsakiyar noma.

Mun san itacen rufi ya yi tsada, ya yi wuya. Wannan ma wani dalili ne na riƙe sassaben zamani hannu biyu, wato barin tohon itace a gona ana rage masa rassa maimakon a sare a ƙone. A nan jihar Maraɗi aka fara yaɗa wannan dabara wajen 1983, ta bazu har ta mayar da itatuwa a kan eka miliyoyi a ƙasar nan. Manomin da ya raini sabara da kalgo da gawo da aduwa a gonarsa ba ya sayen dirka ko gwafa. Akwai kuma ginin da ba ya buƙatar itace sam, mai rufin tulluwa da baka na tubalin ƙasa, wanda aka fara koyar da shi a Cikal ta ƙasar Filinge a 1980. Wanda zai yi sabon ɗaki ya tambayi magina ko akwai wanda ya koya. Shi ma dai yana son yaɓe a kan kari.

Danga kuwa, duk shekara muna kafa ta kara, duk shekara gara da iska da jakai su cinye. Alhali ƙarshen rani ne lokacin dasa aguwa da dashi. A sari reshe, a kafa shi cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, zai kama da kansa. In an jira ƙasa ta jiƙe sosai yakan ruɓe. Shekara biyu zuwa uku ya zama shinge mai rai wanda ke tare rairayi. A dai kula da yara, domin ruwan aguwa yana cutar da ido.

Yanzu mu shiga tsakar gida, inda maganar lafiya ta fi fitowa fili. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro a ruwa yake yin ƙwai, kuma ba ya buƙatar tabki. Ɗan ramin da aka ɗebi ƙasa, sawun shanu a bakin rijiya, kwatamin da ruwa ke kwanciya a bayan gida, duk sun ishe shi. Cikin kwana 10 ko makamancin haka ƙwai ya zama sauro mai tashi. Kowane rami da muka cike a Mayu, mun rage wa kanmu sauron Agusta. Fasassun tukwane da gwangwanaye da tsofaffin tayu a kife su ko a fitar, domin su ma wasu irin sauro na haihuwa a ciki. Wannan ba ya maye gurbin gidan sauro, wanda shi ma yanzu ne lokacin fito da shi a ɗinke inda ya yage. Ba ya kuma maye gurbin maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke rabawa wata-wata da damina ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, aikin da aka fara a ƙasar nan tun 2013. Uwa ta tabbatar yaro ya sha na kwana ukun duka, kada a tsaya a na ranar farko.

Salanga ita ce abin da ba a son ambata a zaure, amma dole mu faɗa. Ramin da aka haƙa cikin rairayi ba tare da an ɗaure bakinsa ba yakan rufta in ƙasa ta jiƙe, wani lokaci da mutum a kai. In kuma ya cika ya tumbatsa, ruwan sama ya kwashi ƙazanta ya bi lungu da ita har bakin rijiya ko tabkin da ake ɗiba. Ta haka gudawa da amai ke shiga gari. Annobar kwalara ta 2021 jiharmu ta fi addaba. A duba bakin ramin, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa, a yi masa murfi. Mai haƙa sabo ya nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30.

Jujin da ke ƙofar gida kuwa dukiya ce da aka ajiye a inda ba ta da amfani. Toka da kashin awaki da ragowar kara da sharar turke, in sun kwana a gari da damina ƙuda ne da wari, in an kai su gona taki ne, kuma jigawarmu ta gaji tana neman abinci. Amalanke ɗaya aiki biyu. Amma a tsince leda kafin a loda. Leda ba ta ruɓewa, tana hana ruwa shiga ƙasa, tumaki da shanu suna haɗiye ta su rame su mutu. Duk mahauci ya sha fito da ita daga tumbi. Tun Nuwamban 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita a Nijar, amma kowa ya ga abin da ke rataye a ƙayoyin bakin kasuwa. Ƙona ta a tsakar gida ma ba mafita ba ce, hayaƙinta yana cutar da ƙirji, ga kuma hatsarin gobara a lokacin da kowane darni ya bushe ƙayau. A tara ta a binne a rami nesa da gona.

Duk abin da muka lissafa, mai gida ɗaya zai iya yin nasa. Amma ga inda gizo ke saƙa: ruwa bai san iyakar gida ba. A wata unguwa da muka zauna, wani bawan Allah ya gyara soronsa tsaf, ya sa sabon indararo, sai dai bakinsa yana kallon bangon wata tsohuwa da ke bayansa. Wani kuma ya tara ƙasa da shara a ƙofarsa don kada ruwa ya shigo masa, ya toshe lungun da ruwan unguwa ke bi tun kakanni. Da ruwan Agusta ya zo, ya rasa hanya, ya kwanta a gindin bangon tsohuwar nan kwana biyu. Allah ya kiyaye tana gidan ƴarta a daren, awakinta biyu ne bangon ya danne. Babu wanda ya yi niyyar cutar da ita. Kowa kansa ya gyara, ba wanda ya tsaya ya dubi unguwar gaba ɗaya.

Shi ya sa muke ganin maganin yana cikin abin da muka gada, wato gayya. Muna yin ta a gona, muna yin ta wajen haƙa kabari da ɗaukar jinka, waɗanda suka manyanta kuma suna tuna yadda samariya ke fitowa da kiɗa a share gari. Me zai hana kowace unguwa ta ware rana ɗaya a mako, daga yanzu har saukar ruwa? Mai unguwa da liman da dattawa biyu su zaga tukuna, tare da tsofaffin da suka san inda ruwa ke bi, su nuna inda aka toshe da indararon da ya kamata a juya. Irin wannan magana in maƙwabci ya faɗa wa maƙwabci faɗa ce, in dattawa suka faɗa shawara ce.

Kuma a fara da gidajen da ba su da mai hawa soro. Kowa ya san bazara ce lokacin da gari ya fi zama babu maza. Samari da magidanta suna cin rani a Najeriya, ko Agadas, ko Libiya, ko wuraren haƙar zinariya na arewa, da yawa ba su dawowa sai sun ji labarin an yi ruwan shuka, in sun dawo kuma gona suke wucewa kai tsaye. Matan da aka bari su ne da daka, su ne da ɗiban ruwa, su ne da dabbobi. Ga gwauraye da tsofaffi da marasa lafiya. Waɗannan ɗakunan ne suka fi daɗewa ba a yaɓa ba, kuma su ne cike da ƙananan yara. Ga ƴan'uwanmu da ke can muna cewa: cikin kuɗin da ake aikowa a ware na magini da na azara, a faɗa wa wanda aka aika wa a fili cewa na gyaran ɗaki ne.

Akwai uzuri guda da muka yarda yana da nauyi, shi ne ruwa. A ƙasar Dakwaro, musamman in an nufi Tarka, akwai rijiyoyin da guga ke tafiya fiye da mita 50, sai da jaki ko raƙumi ake ja, ga layin dabbobi tun asuba. Wanda ya ce wa matar da ta yini a bakin rijiya ta kawo ruwan kwaɓa laka, bai san abin da yake faɗa ba. Don haka ɗiban ruwan yaɓe aikin maza ne da amalanke, ya shiga cikin gayyar. Ruwan wanka da na wanki a tara shi a ramin kwaɓi maimakon a watsar. In abin ya gagara duka, a tanadi ƙasa da ƙaiƙayi a ajiye a shirye, a toshe gindin bango da bakin indararo da ɗan ruwan da aka samu, sauran yaɓen a yi shi da ruwan farko da ya kwanta, domin tsakanin ruwan fari da manyan ruwaye na Agusta akan sami makonni. Zafin rana kuma, a fito bayan sallar asuba a tashi da hantsi, a sha ruwa sosai.

Muna da roƙo ga magajin gari da masu garuruwa game da kududdufi. Duk lakar da za a yaɓa daga wani rami ta fito, kuma in kowa ya haƙa a bayan gidansa, mun gyara bango mun buɗe wa sauro gida, mun kuma haƙa wa yara tarko, domin ba a daminar da ba a jin yaro ya nutse a irin waɗannan ramuka a wani gari. A nuna wuri ɗaya a wajen gari inda kowa zai ɗiba, a kewaye shi da ƙaya. A kuma daina ba da fili ko barin mutane su yi gini a cikin ƙwari da kan hanyar ruwa, ko da an shekara goma wurin bai cika ba. In hukuma za ta taimaka da wani abu, baro da shebur da ɗan man mota na kwashe shara a Mayu sun fi buhun shinkafa da tabarma da za ta raba a Satumba arha.

Abu na ƙarshe na daren da ruwa ya ƙi tsayawa ne. In an ji ƙasa tana zubowa daga rufi, ko azara tana ƙara, ko aka ga sabuwar tsaga tana buɗewa, ko ƙofa ta ƙi rufuwa alhali jiya tana rufuwa, a tashi yara a fita nan take, kada a tsaya kwashe kaya. Tun yanzu kowane gida ya san inda zai nufa, ko ɗakin maƙwabci mai ƙarfi, ko masallaci, ko makaranta, kuma a ajiye tocila mai batir kusa da shimfiɗa.